Ƙugiya a Jikin Adelia Voss

Har aka shiga watan Yuli, gorar jirgin Adelia Voss tana nan cikin rumfar ajiya, jingine da bango, igiyarta naɗe a gefe. Kullum Noreen Pilarski ta fito za ta shiga mota sai ta hango ta ta ƙofar rumfar, fara fat, girmanta kamar ganga, sai ta kau da kai.

Sauran gorunan duk an saka su tun watan Mayu. Aiki ne da Noreen ta shekara ashirin da wani abu tana yi, ba albashi, godiyar ma sai jefi-jefi. Tsofaffin jiragen da suka nutse a wannan gefe na tafkin Huron tun zamanin kakanni suna nan kwance a ƙasa, ruwan sanyi mara gishiri ya riƙe katakonsu bai bari ya ruɓe ba, mutane kuwa suna tasowa daga garuruwa masu nisa su sa kayan nutso su sauka su gani. Don kada duk jirgin da ya kawo baƙi ya jefa ƙugiyarsa ta tsayawa a kan tsohon katako, ƙungiyar su Noreen ta ajiye gungumen ƙarfe a ƙasan tafki kusa da kowane jirgi, sarƙa da igiya suka taso daga nan zuwa gora mai iyo a saman ruwa. Ka zo ka ɗaure jirginka a gora, mutanenka su bi igiya su sauka. Kafin ƙanƙara ta rufe tafki a kwashe gorunan, in ta narke a mayar.

Ta Adelia Voss ce ta gagara bana. Igiyar da aka bari a ƙarƙashin ruwa lokacin sanyi ta tsinke ta koma ƙasa, sai an sauka har can an ɗauro sabuwa, wurin kuwa da zurfi, ba na mutum ɗaya ba ne. A da tare da mijinta Harlan suke sauka. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ta koma jiran Curtis Delong, wani likitan haƙori da ke tasowa daga kudu in ya sami hutun ƙarshen mako. In Curtis ya zo iska ta tashi. In tafki ya kwanta, Curtis yana can yana cire wa mutane haƙora. Sau ɗaya komai ya daidaita, a ranar kuma Harlan ya faɗi a banɗaki, suka wuni a asibiti.

Wanda abin ya fi damu shi ne Floyd Budnik. Tsoho ne ɗan saba'in da ɗoriya, shi kaɗai ya rage a garin Port Amery mai jirgin kai masu nutso. Shi ya koya wa Noreen da Harlan nutso suna sabon aure, shi ne kuma uban baftismar 'yarsu. In ta zo wucewa ta bakin gaɓa sai ya ƙwala mata kira daga kan jirginsa.

"Shugaba! Tsohuwar fa? Ko hutu muka ba ta bana?"

"Ka samo min wanda zai sauka da ni, gobe ma sai a saka."

"Ni da likita ya hana ni wuce zurfin bahon wanka? Ina da baƙi fa, Noreen. Tun Janairu suka kama wuri, kuma ba fuskata za su zo gani ba."

"Ka kai su sauran mana. Jirage nawa ne a tafkin nan?"

"Mai jigo a tsaye nawa ne?"

Adelia Voss, wadda kowa a garin ke kira Tsohuwa, jirgin filafili ce mai dakon alkama. Wani jirgin ya buge ta cikin hazo, ta sauka a hankali ta zauna daram a kan cikinta kamar an ajiye ta da hannu. Jigonta, dogon icen nan na tsakiya da ake ɗaura wa filafilai, bai faɗi ba. Sama da shekara ɗari yana tsaye cikin duhun ruwa. Hotonsa ne a jikin allon shiga gari, da rigunan da ake sayar wa baƙi, da bangon gidan abincin bakin gaɓa.

Sai wata Asabar a tsakiyar Yuli suka samu. Tafki ya kwanta lif, ko ganye ba ya motsi. Suka fita da ƙaramin jirgin Noreen, ita da Curtis da wani maƙwabcinta da ya yarda ya zauna a sama ya kula da inji. Suka saki darma da siririyar igiyar da za su bi su sauka, can nesa da inda Tsohuwa take, suka goya silindar iska, suka faɗa.

Noreen ta san hanyar nan kamar hanyar ɗakin girkinta. Ruwan sama kore ne mai haske, sai ya koma shuɗi, sanyi ya fara cizon leɓe, sai can kan jigon ya ɓullo daga duhu shi kaɗai, tun kafin ka ga komai na jirgin. A nan ta saba tsayawa ta daidaita numfashi. Yau ta kai wurin, ba komai sai ruwa. Ta ɗauka kaucewa suka yi, ta duba kamfas, ta ga daidai suke. Ta waiwaya ta ga Curtis yana ɗaga mata hannuwa, alamar tambaya. Suka ci gaba da sauka.

Jigon yana kwance a gicciye bisa jirgin. Ya karye daga gindi, ya faɗa kan rufin ɗakin matuƙa ya rotsa shi, kansa ya leƙa waje ta gefen hagu ya caki laka. Wajen karayar icen fari ne tas, sabo, kamar yau aka sare shi a daji, alhali duk sauran jikin jirgin ƙananan katantanwa sun lulluɓe shi. Noreen ta tsaya a kansa tana shawagi. Ba ta ji fushi ba a lokacin. Gaɓoɓinta ne suka yi nauyi, kamar ta ajiye silindar ta kwanta a nan.

Curtis ne ya taɓa kafaɗarta ya nuna mata da fitila. Can kusa da kan jigon, inda ice ya gitta ice, ƙugiyar jirgi ce ta maƙale, da guntun sarƙa da doguwar igiya da ta zube a kan katako. Ƙarshen igiyar yankan wuƙa ne. Noreen ta matsa kusa. Ɗaya daga cikin haƙoran ƙugiyar yana da wani kaurin ɗinkin walda a gindinsa, mummuna, kamar ƙari. A tsakar gidanta aka yi waldar nan, tana tsaye riƙe da kofin kofi, Harlan yana aiki, mai ƙugiyar yana yi masa tsiya wai ko makaho ya fi shi iya walda.

Iska ba ta jiran baƙin ciki. Curtis ya ɗauki hotuna, suka nemo gungumen ƙarfen suka ɗaura sabuwar igiya, suka tashi sannu a hankali. Da suka fito aka ɗaura gorar, tana rawa a kan ruwa fes da ita.

Curtis bai ko cire rigar nutso ba ya fara faɗa. "Wannan ai kisan kai ne! Wane jaki ne zai jefa ƙugiya a nan? Wallahi sai an ɗaure shi. Ba ni waya."

"Ka ba ni zuwa gobe."

Ya tsaya ya dube ta. "Kin san mai ita ke nan."

"Na ce ka ba ni zuwa gobe, Curtis."

"To gobe. In ba ki kira hukuma ba ni zan kira, hotuna suna hannuna."

Ta tarar da Harlan a kujerarsa ta bakin taga, matar da ke zuwa zama da shi tana haɗa jakarta za ta tafi. Noreen ta canza masa riga, ta ba shi magani, ta ɗumama miyar dankali, sai da ya ci sannan ta zauna a gefensa ta nuna masa hoton a waya. Ya riƙe wayar da hannunsa mai lafiya ya daɗe yana kallo. Magana tana yi masa wuya yanzu, kalma ɗaya-ɗaya yake ciro ta.

"Waldata," in ji shi. "Ta... riƙe."

Sai ya yi wani sauti da ba ta gane ba ko dariya ne ko kuka. Ta karɓi wayar, ta share masa gefen baki.

"Me zan yi, Harlan?"

Ya nuna ƙofa da haɓa. "Je ki."

Floyd yana bayan gidansa yana bandar farin kifi, hayaƙi ya cika farfajiyar. Da ya ga motarta bai fasa jera kifin ba. Ta zo ta tsaya ta ɗaya gefen murhun.

"An saka gorar," ta ce.

"Madalla. Da sauri haka?"

"Na ga ka yi sabuwar ƙugiya."

"Waccan ta ɓata."

"Na tsinto maka ita."

Ya ajiye kifin da ke hannunsa, ya goge yatsunsa a jikin wando ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya jawo wani bokiti ya kifa ya zauna a kai.

"Duka ya faɗi?"

"Duka."

"Na ji shi," in ji Floyd. "A igiya na ji shi, har cikin haƙorana." Sannan ya ci gaba. "Talatar da ta wuce ne. Mutanen nan sun kwana a hanya suna tuƙi, ɗayansu ma daga asibiti ya fito, ya ce kafin ya mutu sai ya ga Tsohuwa. Me zan ce musu? Shugaba ba ta sami sukuni ba? Na jefa can nesa ta bayan iska, yadda muke yi tun ba a san wata gora ba, tun kina goye. Suka sauka lafiya, suka gan ta, suka fito suna ta ihun murna. Muna shirin tashi iska ta juya. Ƙugiya ta ja ƙasa, ta ja, sai na ji ta kama."

"Sai ka yanke igiya ka bar ta. Da shi ke nan, mu je mu cire."

"Eh. Da shi ke nan."

"Amma ba haka ka yi ba."

"Na ba inji wuta." Ya kalli hayaƙin. "Sau ɗaya. Na ce ko za ta kuɓuce. Shekara hamsin ina gaya wa yara kada su yi haka, sai ga shi hannuna ya yi da kansa. Su baƙin ba su san komai ba, suna can suna cin burodi."

Matarsa Bernie ta fito da kofuna biyu a faranti. Ƙawar Noreen ce tun suna 'yan mata, benci ɗaya suke zama a coci. Ta dubi mijinta, ta dubi Noreen, ta ajiye farantin a kan kututture ta tsaya.

"Kwana huɗu ba ya barci," ta ce. "Ai kin gani da idonki. Ba sai an ƙara masa ba."

"Curtis ya ɗauki hotuna, Bernie."

"Curtis baƙo ne. Ya san ƙugiyar wa ce? Ke kaɗai kika sani."

"Da ni da Harlan."

"To Harlan wa zai gaya wa?"

Maganar ta fita kafin Bernie ta kama ta. Ta sa hannu a baki. Noreen ta ji zafin maganar, amma ba ta da ƙarfin faɗa.

Floyd ne ya ɗaga murya. "Ke ma fa ki faɗi naki! Wata biyu ina binki kamar maroƙi. Da gorar nan tana wurinta, me zai kai ni jefa ƙugiya? Kun kafa doka kun ce kada a jefa, to, mun ji. Sai ku ajiye abin ɗaurewa! Ba ku ajiye ba, ba ku bari an jefa ba, iska za mu ci?"

"Zan faɗa," in ji Noreen. "Zan ce gorar ba ta nan, kuma ni ce ban saka ba."

"Za ki kira su ke nan."

"In na rufe naka, Floyd, gobe wani ya zo daga Ohio ya ɓalle tagar tagulla ya sa a jaka, da wane baki zan yi masa magana? Kai ka fi kowa zagin masu yin haka."

"Ni ɓarawo ne?"

"Ban ce ba."

"Sha kofinki kafin ya huce," in ji shi, ya tashi ya koma kan kifinsa.

Ba ta sha ba. Washegari bayan coci ta kira jami'ar kula da tafki ta gaya mata komai, har da zancen gorar. Jami'ar ta saurara, ta ce jinkirin 'yan sa-kai ba laifi ba ne a doka, jefa ƙugiya a kan jirgin tarihi kuwa laifi ne. Aka turo masu nutso na gwamnati suka ciro ƙugiyar. Floyd bai yi musu ba. Alƙali ya ci shi tara, aka kuma hana shi kai baƙi cikin yankin har ƙarshen shekara.

Garin bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi da ta fi jin sauƙi. Ranar Juma'a da ta tura Harlan a kekensa zuwa zauren coci cin soyayyen kifi, kowa ya gaishe su, kowa ya tambayi jikin Harlan, amma teburinsu su biyu suka ci suka tashi. Bernie tana can wajen rabon abinci, ta zuba musu ba ta ɗago kai ba. Mai masaukin baƙi na bakin titi ya tare ta a wajen ajiye motoci.

"Noreen, ni ban ce kin yi laifi ba. Amma jigo ya tafi, jirgin Floyd ya tafi, ɗakunana wa zai kwana a ciki? Da kin bari mun yi maganar a tsakaninmu."

"Maganar za ta tayar da jigon?"

"Wayar da kika buga ta tayar da shi?"

Masu nutso na nesa kuwa, da labari ya bazu, sai suka yi ca a kan Floyd a intanet, mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba suna kiransa sunaye. Wasu suka haɗa da ita, wai ƙungiyar tsofaffi ce da ta kasa aikinta. Curtis ya turo mata wasu don ta gani, ta roƙe shi ya daina. Ya ji haushi, ya ce shi dai ba zai ƙara ɓata hutunsa a garin da ake tausayin mai ɓarna ba, bai kuma sake zuwa ba.

A watan Agusta wasu masana suka zo suka sauka suka auna. Mutanen gari suka cika zauren laburare suna jiran a ce za a ɗaga jigon a mayar. Shugabar masanan ta yi bayani a natse: icen ya sha ruwa ya yi laushi, in an taɓa shi zai ƙara karyewa, kuma ko an tsayar da shi da ƙarfe ba shi ne na da ba. A bar shi inda yake. Wani daga baya ya tambaya ko za a canza hoton allon shiga gari.

Haka aka gangara har Oktoba. Ganye ya zube, iska ta fara zuwa daga arewa da cizo, lokacin kwashe goruna ya yi. Na kusa da gaɓa Noreen ta kwashe su da maƙwabcinta kaɗan-kaɗan. Saura ta Tsohuwa, mai nisa, sai injin jirginta ya mutu, makanike ya ce kayan gyaran sai bayan mako uku. Kafin nan tafki ya hargitse, in kuma aka bar gorar ƙanƙara za ta tafi da ita har da igiyar. Ta buga waya duk inda ta sani. Masu jirage duk sun fitar da su sun lulluɓe. Jirgi ɗaya ne ya rage a ruwa, da allon sayarwa manne a gilashinsa.

Ta kwana biyu tana juya abin, ranar na uku ta je bakin gaɓa. Floyd yana kwance sukurori a cikin jirgin.

"Ina son a kai ni wajen Tsohuwa," ta ce.

Bai ɗago ba. "An hana ni. Ko ba ki ji ba? Wata mata ce ta kai ƙarata."

"Baƙi masu biya aka hana ka. Na tambaya. Aikin gora ba ya ciki."

"Ke kam da tambaya." Ya jefa sukundireba cikin akwati. "Gobe da safe, in iska ta bari. Wa zai zauna da Harlan?"

"Zan nema."

Da safe tana ƙoƙarin ɗaura wa Harlan takalmi ta ji an ƙwanƙwasa. Bernie ce a ƙofa da jakar saƙarta. Ta wuce Noreen ta shiga ciki.

"Ba don ke na zo ba," ta ce. "Harlan, ina kwana? Dubi yadda ta bar maka gashi kamar sheƙar tsuntsu. Ina matajin?"

Tafki ya yi toka-toka, igiyar ruwa tana ɗaga jirgin tana bugawa. Noreen ta sa kayanta a zaune, kafaɗarta ta dama tana mata ciwo duk ɗagawa. Da suka isa, Floyd ya kawo jirgin gefen gorar a hankali, ya kamo ta da sanda mai lanƙwasa ya ɗaure. Aikin yau ba mai zurfi ba ne: ta sauka kaɗan, ta kwance gorar daga igiya, ta ɗaura wa igiyar ƙaramin tulu da zai riƙe ta a ƙasa da inda ƙanƙara ke kaiwa. Amma sukurin ya ci tsatsa, yatsunta suka ƙage cikin safar hannu, sai da ta yi ta fama kafin ya juya. Da ta gama ta kalli ƙasa. Shuɗi ne kawai yana komawa baƙi.

Su biyu suka ja gorar cikin jirgi, tana ta zuba gansakuka da wari. Floyd ya zauna yana haki, leɓɓansa sun yi fari. Noreen ta tsiyaya masa shayi daga fulas, ya karɓa da hannu biyu.

"Ban ga hotunan ba," ya ce bayan ya huta. "A kotu sun miƙo min, na ce na yarda ba sai na gani ba. Gaya min. Yaya take?"

Ta yi tunanin sassauta masa, ta ga ba amfani. Ta gaya masa inda jigon ya karye, da yadda ya rotsa rufin ɗakin matuƙa, da murhun ƙarfen da yanzu ake gani a fili ta wajen ramin, da dogon katakon gefe da ya ɓalle. Yana ji yana gyaɗa kai.

"Sitiyarin fa?"

"Yana nan. Kaɗan ya rage, amma bai taɓa shi ba."

"Ƙararrawar?"

"Tana nan."

Ya sa bayan hannu ya goge hanci. "Ina ɗan shekara ashirin da biyu na fara ganinta. Da kayan aro, ba ko fitilar kirki. Na ci karo da jigon nan da goshina, na ɗauka wani ne tsaye yana jirana." Ya kurɓi shayi. "Ba zan ce miki kin kyauta min ba, Noreen."

"Ban zo don ka ce ba."

"To."

"Na gaji, Floyd. Taron ƙungiya na watan gobe zan ajiye musu makullan rumfa."

"Wa zai ɗauka?"

"Ban sani ba. Wani."

"Wani," ya maimaita, ya yi 'yar dariya ta hanci. "Wanin nan tun ina saurayi ake jiransa." Ya yunƙura zai tashi, ya fasa. "Zo ki kama tuƙin. Ƙirjina ba ya son wannan rawar."

Ita ta tuƙo su har gida, yana zaune a bayanta yana gyara mata hanya ba tare da ta tambaya ba, ruwan sama mai haɗe da ƙanƙara yana dukan gilashi.

Wani mutum daga Wisconsin ya sayi jirgin Floyd kafin ƙarshen wata, ya ɗora shi a tirela ya tafi da shi. Taron ƙungiya kuwa aka yi shi a ƙaramin ɗakin laburare ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka. Noreen ta zo da makullan rumfa a aljihu da maganar da ta shirya. Mutum biyu ta tarar: ma'ajin ƙungiya, wanda kunnensa ya yi nauyi, da wata tsohuwar malamar makaranta da ta kawo kek. Suka jira, ba wanda ya ƙaru. Noreen ta faɗi abin da ya kawo ta. Ma'aji ya sa ta maimaita da ƙarfi, sannan ya ce ai a ƙa'ida mutum uku ba su isa karɓar murabus ba, sai dai a ɗaga zuwa Afrilu. Malamar ta yanka kek ɗin gida huɗu, ta naɗe ɗaya a takarda ta ce a kai wa Harlan.

Noreen ta ci nata a tsaye, ta taya su jera kujeru, ta kashe fitila. A waje ta tarar dusar ta rufe gilashin motar, ta sa hannun riga ta share daidai inda za ta iya ganin hanya.